Jifan farce: yadda R.A. Dickey ya koyi hana ƙwallo juyawa

Mai jifa a wasan besbol ba shi da dukiyar da ta wuce kafaɗarsa da gwiwar hannunsa. Su ake naɗewa da ƙanƙara bayan an tashi wasa, su likita ke haskawa kafin a sa hannu a kwantiragi, kuma ranar da suka gaza, ranar sana'a ta ƙare. R.A. Dickey yana da abin tattali na uku wanda sauran ba su damu da shi ba, wato farcen manuniyarsa da na yatsansa na tsakiya a hannun dama. Da magogin farce na gilashi yake yawo, yana bin bakinsu yana daidaitawa, kada su yi tsayi su karye, kada kuma su gajarce su kasa kama fatar ƙwallo. In ɗaya ya tsage ana tsakiyar wasa, kamar yadda ya same shi a farkon kakar 2011, to jifan wannan rana ya lalace. Da faratan nan biyu ya ci kyautar Cy Young ta 2012, wadda ake ba wanda ya fi kowa iya jifa a rukuninsa na babbar gasar Amurka. Yana ɗan shekara 37 ya buga kakar, bayan ƙungiyoyi huɗu sun gwada shi sun rabu da shi.

Sai an san aikin mai jifa kafin a ga girman wannan. Yana tsayawa ne a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili. Mita 18.44 a gabansa akwai farin faranti na roba da aka dasa a ƙasa, faɗinsa santimita 43. A gefen farantin mai bugu yana tsaye da kulkinsa na katako, a baya mai cafewa yana tsugune, bayansa kuma alƙalin wasa. Abin da ake so ga mai jifa shi ne ya ratsa da ƙwallon ta saman farantin, tsakanin gwiwar mai bugu da ƙasan ƙirjinsa, ba tare da kulki ya same ta da kyau ba. In ta wuce haka ko mai bugu ya kai duka ya sami iska, har sau uku, an kore shi. In jifa ya kauce wa farantin sau huɗu mai bugu bai kai duka ba, sai ya wuce tasha ta farko kyauta. Tasha uku mutum ke bi ya dawo faranti a rubuta wa ƙungiyarsa maki, wanda kuma ya maka ƙwallon ta tsallake katangar fili, ya zagaye su duka a natse tare da duk wanda ya tarar a hanya. Ana kuma fitar da mutum in an cafe abin da ya buga tun bai taɓa ƙasa ba, ko an riga shi kai ƙwallo tasha. Kowane ɓangare in an fitar masa da mutum uku zagaye ɗaya ya cika, zagaye tara kuma shi ne wasa. Ma'aunin mai jifa shi ne yawan makin da ake ci a hannunsa cikin kowane zagaye tara. Mai uku gwani ne. Wanda ya kai biyar, zamansa a ƙungiya ya fara rawa.

Kusan duk dabarar jifa a juyi take. Ƙwallon besbol nauyinta kimanin giram 145 ne, farar fata ce ƙyalle biyu da aka haɗe da jan zare, ɗinki 108 da hannu, kuma ɗinkin ya ɗan taso sama da fatar. Mai jifa da ƙarfi yana sakin ta da gudun kilomita 150 a awa, tana juyi fiye da sau 2,000 a minti, ta isa faranti cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Juyin ne ke lanƙwasa ta. In baya take juyawa ba ta saurin faɗuwa, in gaba ne ta nutse, in gefe ne ta kauce. Amma juyi yana da doka, duk ƙwallon da ta juya iri ɗaya hanya ɗaya za ta bi. Ƙwararren mai bugu tun daga hannun mai jifa yake karanta jan zaren nan, ya lissafa inda za ta iso, ya aika kulki ya tarye ta a can. Ba ya jira ya gani da idonsa, babu lokacin haka. Hasashe yake yi, wanda ya gina a kan dubban ƙwallayen da suka taɓa wucewa ta gabansa.

Jifan farce, wanda Amurkawa ke kira nokulbol, wannan hasashen yake rushewa. Ana sakin ƙwallon ne ba juyi, ko da rubu'in juyi zuwa rabi tun daga hannu har faranti. Da yake ba ta juyawa, ɗinkin da ya taso shi ke karo da iska. Gefen da ɗinki yake iska na bin sa ta wata siga, gefen da fata take sumul tana bin sa ta wata, sai matsin iskar ya rinjaya gefe guda ya ture ƙwallon. Da ta ɗan mirgina, ɗinki ya sauya wuri, turin ya koma wani gefen. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan abu ko da ba su san sunansa ba: bugun tazarar da Juninho ya riƙa yi a Lyon, ko wanda Cristiano Ronaldo ya ci Portsmouth da shi a 2008, ƙwallo na tafe a sandare har ana iya karanta rubutun jikinta, mai tsaron gida ya tsaya cak bai san ta inda zai faɗi ba. Sai dai ɗan ƙwallon ƙafa in ya dace sau ɗaya a wata an dinga yabonsa ke nan. Mai jifan farce kusan sau ɗari zai yi a dare ɗaya, kuma kowanne sai ya nemi farantin nan mai santimita 43.

Riƙon kansa ba wuya. Ka duba ƙwallon za ka ga inda ɗinkin ya lanƙwasa ya yi baka. Daf da bayan wannan lanƙwasa Dickey ke kafa faratansa biyu, a jikin fata, ba a kan zaren ba. Babban yatsa ya tallafe ta gefe guda, yatsan zobe ta ɗaya gefen, ƙwallon ta zauna can cikin tafin hannu. Wuyar tana wajen saki. Hannun ɗan Adam in ya yi jifa yatsu ne ke rabuwa da abin a ƙarshe, suna shafo shi ta baya, shi ya sa ko dutse ka jefa sai ya juya. Mai jifan farce sai ya kashe wannan ɗabi'a da aka haife shi da ita. Yana ƙame wuyan hannu kada ya karye ko kaɗan, a daidai ƙiftawar da ƙwallon za ta fita ya miƙe yatsun biyu ya tura ta gaba, turin da zai soke juyin da tafin hannu ke shirin ba ta. In turin ya gaza ta juya baya, in ya zarce ta juya gaba. Juyi biyu ko uku ya isa ya ɓata komai: ba ta rawa, ga shi ba ta da gudu, ta zo wa mai bugu a miƙe a hankali, irin wadda ake lallaɓo masa a atisaye. Mai jifa da ƙarfi in ya kuskure, gudun na iya rufa masa asiri. Mai jifan farce ba shi da abin da zai rufa masa.

Dickey bai fara da wannan ba, kuma da wuya ka sami wanda ya fara da shi. An haife shi a Nashville ta jihar Tennessee a 1974, ya yi wa jami'ar jiharsu wasa, yana jifa da ƙarfi kamar kowane matashi da ake rububi. A 1996 yana cikin tawagar Amurka da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Atlanta, gasar da mu muka fi tunawa da ita saboda zinaren da Najeriya ta ɗauko a ƙwallon ƙafa. A shekarar ce Texas Rangers ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen matasa, shi ne na 18 a duk ƙasar, ta yi masa tayin dala 810,000. Sai mujallar Baseball America ta buga hotonsa a bangonta, yana tsaye cikin sauran masu jifan tawagar. Wani daga cikin masu kula da lafiyar 'yan wasan Rangers ya lura hannunsa na dama bai sauka yadda na sauran ya sauka ba. Aka haska gwiwar hannun, aka nemi jijiyar da ke riƙe ta daga ciki, wadda ita ce ke ɗaukar nauyin jifa. Jijiyar nan ce in ta tsinke ake yi wa masu jifa tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, mutumin da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974. Shi Dickey ba a tsinke aka tarar da tasa ba, ba a tarar da ita ba ne sam, har likitoci suna mamakin yadda yake murɗa hannun ƙofa ba ya jin ciwo. Ƙungiya ta janye tayinta, ta dawo da dala 75,000. Ya karɓa.

Daga nan ya faɗa ƙananan gasanni, inda yawancin rayuwar ɗan besbol take ƙarewa. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasa, kuma ba sa faɗuwa ba sa hawa irin yadda muka saba gani a Firimiya. 'Yan wasa ne ke hawa da sauka. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙanana a ƙarƙashinta hawa-hawa: na sababbin shiga, sai A, sai AA, sai AAA wadda daga ita sai sama. A zamanin Dickey mutum 25 kacal kowace ke riƙewa a sama. Wanda ya yi mako biyu jifansa ba ya tafiya ana iya kiran sa ofishin koci da daddare, gobe ya kwana a wani gari. Wanda ya haskaka a ƙasa ana iya tashin sa da asuba ya kama jirgi. A ƙananan matakai tafiya a bas ce ta awa da awanni, albashi ba ya kai mutum ko'ina, kuma a lokacin watannin da ake wasa kaɗai ake biya. Sai a 2023 'yan wasan waɗannan matakai suka sami yarjejeniyar ƙwadago ta farko. Mafi yawan waɗanda aka zaɓa har su bar wasan ba su taka filin babbar gasa ba. AAA ita ce ta fi cin rai, domin nan ake haɗa matasan da ke kan hanyar hawa da manyan da suka ɗanɗana sama aka dawo da su, kowa kunnensa na ga waya.

Dickey ya fara a matakin A a jihar Florida a 1997, ya isa AAA a Oklahoma a 1999, ya leƙa sama a Afrilun 2001 aka mayar da shi. Ya sake hawa a 2003 da 2004, ana cin fiye da maki biyar a hannunsa, ga gudun jifansa ya fara ja da baya. A 2005 kocin Rangers, Buck Showalter, da mai horar da masu jifa, Orel Hershiser, suka zaunar da shi suka gaya masa gaskiya, cewa da jifan da ya saba ba zai zauna a sama ba. Sun lura yana da wani jifa mai ƙarancin juyi da yakan sako jefi-jefi, suka ce ya koma Oklahoma ya mayar da shi sana'a.

Wannan amincewar da ya yi ita ce abin da na fi ganin girmansa da ita. Mutum ne ɗan shekara 30, mai iyali, wanda ya taɓa ɗaukar tutar ƙasarsa, aka ce ya ajiye abin da ya kwashe shekara ashirin yana koya, ya koma ɗan koyo a gaban yaran da suka taso suna jin sunansa. Kuma koyon ba a ɓoye ake yin sa ba. A fili ake yi, gaban jama'a, sakamakon kowane dare yana fita a jarida da sunanka.

Sana'ar ba ta da makaranta. Mai horar da masu jifa na yau da kullum bai san ta ba, domin duk abin da yake koyarwa akasinta ne. 'Yan tsirarun da suka ci abinci da ita su ne malaman junansu, kuma ba sa yi wa juna rowa. Hoyt Wilhelm bai shiga babbar gasa ba sai da ya kai shekara 29, ya yi ta jifa har yana 49. Phil Niekro ya ci wasa 318, ya bari yana 48. Charlie Hough ya ci 216. Tim Wakefield asalinsa ma ba mai jifa ba ne, mai tsaron tasha ta farko ne da bugu ya gagara a ƙananan ƙungiyoyin Pittsburgh, ya koma jifan farce ya ci wasa 200, mafi yawansu a Boston. Wajen Hough Dickey ya fara durƙusawa. Hough ya gyara masa riƙo, ya ce masa ya ɗauka a bakin ƙofa yake tsaye, duk motsinsa ya tsaya a cikinta, kada hannu ko ƙafa ya taɓa gefe. Hikimar ita ce in jiki ya murɗa gefe hannu zai zagayo ƙwallon, ta fita da juyi, amma in komai ya miƙe ya nufi faranti, ta fita a sandare. Ya kuma gaya masa cewa jifan a rana ɗaya ake koyon sa, shigar da shi faranti ne aikin tsawon rai. Daga baya Wakefield ya zauna da shi, duk da cewa ƙungiyoyinsu abokan hamayya ne, Niekro kuma ya nuna masa yadda zai sa ƙarfin ƙugunsa cikin jifan. Tsakanin wannan malami da wancan bango ya samu yana jifa, dubbai a kan dubbai, idonsa a kan jan zare ko ya motsa.

Ranar 6 ga Afrilun 2006 ya fito wasansa na farko a kakar, da Detroit Tigers. Kafin a gama zagaye na huɗu an buga masa ƙwallo shida sun tsallake katanga, adadin da ba a wuce shi a hannun mutum ɗaya a wasa ɗaya ba tun 1900. Wakefield ma ya taɓa shan shidan a hannun Detroit ɗin a 2004, domin jifan in ya juya haka yake yi wa kowa. Aka mayar da Dickey Oklahoma, bai ƙara jefa wa Rangers ƙwallo a sama ba. Kakar 2007 gaba ɗaya a AAA ya yi ta, a ƙungiyar garinsu Nashville da ke ƙarƙashin Milwaukee. A tsakiyar kakar ne, suna wata tafiya, ya yi gangancin haye kogin Missouri da iyo, ruwa ya kusa tafiya da shi, abokin wasansa Grant Balfour ya jawo shi gaɓa. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2012 ya danganta sauyin jifansa da wannan rana: ya daina ɗaukar nauyin jifan da ya wuce da wanda bai zo ba, ya tsaya ga wanda ke hannunsa. Ya gama shekarar da nasara 13, aka zaɓe shi gwarzon masu jifa na gasar Pacific Coast. Milwaukee ba ta kira shi sama ba.

Seattle ta ɗauke shi a 2008. A watan Agustan shekarar, a wasa da Minnesota, jifansa huɗu a zagaye ɗaya suka ƙwace suka wuce mai cafewa. Akwai mutumin da ake yawan mantawa da shi a wannan sana'a, shi ne na tsugune a bayan faranti. Abin da ya rikita mai bugu shi ma bai bar shi ba, domin bai san inda za ta sauka ba, mai jifan kansa ma bai sani ba, kuma in ta kuɓuce duk wanda ke kan tasha ya ƙara gaba. Masu cafe wa irin su Dickey suna sa safar fata wadda ta fi ta kowa faɗi, su sassauta hannu, su jira sai ƙwallon ta gama rawarta kafin su kai mata. Wanda ya iya wannan ba a sakin sa da wasa. A ƙarshen 2005 Boston ta ba San Diego mai cafe wa Wakefield, Doug Mirabelli. Wanda ya gaje shi ya yi ta zubarwa, ranar 1 ga Mayun 2006 ƙungiyar ta karɓo Mirabelli, aka ɗauko shi a jirgi na musamman, motar 'yan sanda ta kawo shi daga filin jirgi zuwa filin wasa ana daf da fara karawa da Yankees. Dickey ma da ya sami nasa, Josh Thole, tare aka tura su lokacin da ya sauya ƙungiya.

Ya yi 2009 a Minnesota, yawanci yana shigowa daga benci. Da shekarar ta ƙare yana da shekara 35, nasara 22, rashin nasara 28, ma'auninsa 5.43. Mets ta birnin Niyok ta ba shi kwantiragin ƙaramar gasa, kuma a sansanin share fage na Maris ɗin 2010 shi ne na farko da aka ce ya sauka. Ya tafi ƙaramar ƙungiyarsu a Buffalo. Ranar 29 ga Afrilu suka kara da Durham Bulls, mai bugu na farko ya sami ƙwallo ya isa tasha, daga nan Dickey ya fitar da mutum 27 a jere, babu wanda ya ƙara taka tasha har aka tashi. A watan Mayu Mets ta kira shi. Ya ci wasa 11, ma'auninsa 2.84, bai sake komawa ƙasa ba. Shekara biyar ke nan cif da zaman da Showalter da Hershiser suka yi da shi.

Me ya sauya? Na farko, ya daina kwaikwayon malamansa. Wakefield jifansa a hankali yake tafiya, kilomita 105 zuwa 110 a awa, yana shawagi yana faɗin rawa. Dickey da farko haka ya so yi, sai ya gane hannunsa yana da sauran ƙarfin da nasu ba shi da shi. Ya dinga sakin ta da gudun 120 zuwa 130. Hana ƙwallo juyawa a wannan gudu ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin duk ƙarfin da ka ƙara wa hannu yatsu ke son mayar da shi juyi. Amma in ta fita daidai, rawar tata ba ta da faɗi, a makare take zuwa, a kaifafe, sannan ba ta cika ficewa daga faranti ba. Na biyu, ya koyi sauya mata gudu, ya sako mai sanyi ya biyo da mai zafi da motsin hannu iri ɗaya. Na uku, yana ajiye jifan ƙarfi na yau da kullum, wanda bai wuce kilomita 135 ba. A hannun wani wannan abinci ne ga mai bugu, amma wanda ya wuni yana jiran ƙwallo mai rawa, in ta zo masa a miƙe sai ta wuce yana kallo.

A 2012 duk wannan ya haɗu. Ranar 13 ga Yuni ya jefa zagaye tara cur a kan Tampa Bay, bugu ɗaya tak ya kai mutum tasha, ya kori 12. Bayan kwana biyar ya maimaita a kan Baltimore, bugu ɗaya, ya kori 13, kocin Baltimore a daren kuwa Buck Showalter ne, yana zaune a benci yana kallon shawararsa. A tsakanin Mayu da Yuni ya yi sama da zagaye 32 a jere ba a ci maki a hannunsa ba, abin da babu mai jifan Mets da ya taɓa yi. Ƙungiyar ba ta da ƙarfi a shekarar, wasa 74 ta ci cikin 162, kuma 20 daga ciki nasa ne, da rashin nasara 6 da ma'aunin 2.73. Ya fi kowa a rukuninsa yawan zagaye, sama da 233, ya fi kowa yawan kora, mutum 230. Sai da kaka ta ƙare aka ji cewa da yagaggiyar tsoka a ciki ya yi mafi yawanta, aka yi masa tiyata. Cikin marubuta wasanni 32 da suka jefa ƙuri'ar Cy Young, 27 shi suka sa a gaba, ya zama mai jifan farce na farko da ya ɗauke ta. Niekro da wasanninsa 318 bai taɓa samun ta ba.

Ni a duk waɗannan alƙaluma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne 54, yawan mutanen da ya bari suka wuce tasha kyauta a shekarar. Kowa ya san jifan farce yana rikita mai bugu, matsalarsa tun fil azal ita ce ba ya jin magana, mai bugu mai wayo sai ya naɗe hannu ya jira ya kauce sau huɗu. Niekro a 1977 mutum 164 ya saki a zagaye 330. Dickey ya toshe wannan ƙofa. Mai bugu in ya jira, alƙali ya ƙirga masa uku yana tsaye, in kuma ya kai duka, ya kai wa inda ƙwallon take ɗazu. Ba kusurwar faranti Dickey ke saiti ba, wannan ba ya yiwuwa. Tsayin da zai fara sakin ta yake zaɓa, ya tabbatar motsin jikinsa na yau bai bambanta da na jiya ba ko da taƙi, sauran kuma ya bar wa iska da ɗinki. Mutum ya mallaki duk abin da ke hannunsa har zuwa bakin farce, sannan ya yarda cewa abin da zai faru a mita 18 ɗin gaba ba nasa ba ne, ya kuma sake yin haka bayan an buga masa ta tsallake katanga: wannan ce gwanintar, kuma a Oklahoma da Nashville da Buffalo aka ƙera ta.

A Disamban 2012 Mets ta tura shi Toronto ta Kanada, ta karɓi matasa ciki har da Noah Syndergaard da Travis d'Arnaud. Bai maimaita 2012 ba, ma'auninsa ya koma wajen huɗu, amma ya zama mutumin da koci ke kwana da sanin cewa duk kwana biyar zai fito. Daga 2011 zuwa 2015 kowace shekara sai ya haura zagaye 200, a shekarun da tsaransa suka daɗe da komawa gida, domin jifan farce ba ya tatse hannu irin na ƙarfi. A 2013 ya ci kyautar mai jifan da ya fi iya tsaron fili a rukuninsa, a 2015 ya taka wasannin neman kofi karon farko yana da shekara 40, ya rufe da Atlanta a 2017 yana 42. Jimillarsa nasara 120, rashin nasara 118, kuma 98 daga nasarorin bayan ya cika 35 ya same su.

Abin da ke damuna shi ne ƙarancin magada. Tun 2015 aka kafa na'urori a duk filayen babbar gasa masu auna gudun kowane jifa da yawan juyinsa, ƙungiyoyi kuma suka karkata ga neman wanda ya fi gudu da juyi, domin shi ake iya aunawa a sa masa farashi tun yana ɗan shekara 18. Mai jifan farce sai an dafa dutse da shi, a ba shi gurbi a ƙaramar ƙungiya shekara da shekaru yana shan duka, a nemo masa mai cafewa na musamman, kuma tun 2021 an rage ƙananan ƙungiyoyin zuwa 120, gurbin gwaji ya ƙara matsewa. Niekro ya rasu a Disamban 2020, Wakefield a Oktoban 2023. Steven Wright na Boston ya kai ga a zaɓe shi cikin tawagar wasan taurari a 2016 kafin ciwon gwiwa ya dame shi. Matt Waldron ya fito wa San Diego a 2023 da jifan farce mai gudu irin na Dickey, sai dai shi yana gauraya shi ne da wasu jifa uku ko huɗu, bai jingina sana'arsa gaba ɗaya a kansa ba.